Fayil Mai Rigar Aro

"Ku dube ni da kyau," in ji Haruna mai caji, yana dukan ƙirji har hularsa ta karkace. "Duk wanda ya ba ni takardarsa na sa ta a kwamfutar nan, ya je ya mutu abinsa hankali kwance. Bayan shekara dubu tattaɓa-kunnensa zai zo ya buɗe, ya same ta fes, kamar da safen nan aka rubuta."

Kwamfutar da ake wa wannan kirari kuwa da robar tayar keke aka ɗaure murfinta, kuma sai an tokare ta da gwangwanin madara ta baya take iya zama. Batirinta ya daɗe da rasuwa. Ana cikin maganar shekara dubun nan wani ɗan dako ya taka wayar wuta, fuskarta ta yi baƙi ƙirin.

"Hutawa take yi," in ji Haruna. "Ku ma in aka ɗora muku shekara dubu a ka sai kun huta."

Ni tela ne, shagona na jikin teburinsa a bakin layin 'yan lafaya cikin Kasuwar Litinin, don haka duk abin da zan faɗa muku a gaban keken ɗinkina aka yi shi. Tare muka taso da Haruna, tare muka gudu daga makaranta, sai dai ni na san gudu na yi, shi kuwa har gobe yana ganin makarantar ce ta kasa ɗaukar iliminsa.

Abin da ya jawo maganar shi ne ruwan nan da ya shigo Maiduguri ya kwana a ɗakunan mutane. Tun daga lokacin kowa ya tsorata da takarda. Wani takardar shagonsa ta zama kunu, wani hoton mahaifinsa ya manne da na surukarsa har yau ba a raba su ba. Sai ƙungiyar layinmu ta zauna, ta ce a nemo hanyar adana abin da ya tsira, wato takardun shaguna, shaidar aure, takardun makaranta, da hotunan dattawan da suka kafa layin.

Shugaban ƙungiyar shi ne Ba Goni Modu, wani dattijo daga Shehuri da ba ya dariya sai ta zama dole. Yana da 'yar ƙanwa, Hajara, bazawara ce, tana sayar da turaren wuta da humra a ƙarshen layi. Haruna ya daɗe yana kewaya ta. Turaren da ya saya a wurinta ya isa a turara unguwar Maisandari gaba ɗaya, alhali ɗakinsa ko kasko babu. Ita dai in ya zo sai ta yi dariya ta ce, "Malam Haruna, ka je wajen Baba."

Ya je. Ba Goni ya dube shi daga hula har takalmi ya ce, "Sana'arka fa?"

"Caji, Baba."

"Caji ai aron wuta ne. Ka karɓa a nan ka miƙa can. Ka nuna mini aiki ɗaya da ka fara da hannunka ka gama shi, sannan mu yi maganar Hajara."

To, kun ji dalilin da ya sa ranar taron ƙungiya, tun kafin a rufe baki, Haruna ya yi zumbur ya miƙe ya ce shi ne zai adana takardun. Ba Goni ya ce ya ji. Ran da aka gama a tara jama'a a haska a bango kowa ya gani. In aiki ya yi kyau, Haruna ya turo magabatansa.

Washegari Madam Gertrude ta iso teburinsa. Matar Polycarp ce mai sayar da janareto, kuma kafin ta yi ritaya ta buɗe shagon biro da littattafan rubutu, a ɗakin ajiyar takardu na wata ma'aikata ta yi aiki har kanta ya yi furfura. In tana magana a bakin layi, na ƙarshen layi ba ya bukatar a maimaita masa.

"Haruna, wane irin fayil za ka yi mana?"

"Irin na zamani, Madam."

"Zamani ai shi ne matsalar. Na yau gobe ya tsufa. Akwai wanda aka tsara musamman don ajiya mai nisa, sunansa PDF/A."

"Fidiyef wa?"

"Saurara. Shi kamar matafiyi ne da ya san hanya. Tabarmarsa, butarsa, guzurinsa, duk suna cikin jakarsa. Harufan da aka rubuta shi da su suna cikinsa, hotunansa suna cikinsa. Ba a sa masa kwaɗo, ba a sa masa kiɗa. Kowace kwamfuta ya sauka, ba ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ya ce ara mini. Shi ya sa ko bayan ranmu za a buɗe shi."

Haruna ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Madam, abin da kowa zai iya buɗewa ai ba ajiya ba ce, shanya ce a bakin titi. Ni nawa sai wane da wane."

"Sai wane da wane ɗin nan in suka mutu fa?"

"Ki daina yi mana fatan mutuwa da safiyar Allah."

"Kai ne jiya ka ce mu je mu mutu hankali kwance!"

"Wannan salon magana ne."

Madam ta juyo wurina ta ce, "Tela, kai ba za ka yi wa abokinka magana ba?" Na ce mata ni allura na sani. Gaskiya kuwa ko da na san wani abu ba zan hana ba, don an daɗe ba a yi abin kallo a layinmu ba.

Aiki ya kankama. Haruna ya rataya kwali a saman teburinsa, ya rubuta: CIBIYAR AJIYAR SHEKARA DUBU, ANA CAJI KUMA. Mutane suka riƙa kawo takardu cikin leda, shi kuma yana ɗaukarsu hoto da waya. Iska in ta taso sai ya danne takarda da kofin shayi, don haka rabin takardun layinmu suka samu zoben shayi a tsakiya. Sauran rabin kuwa babban yatsansa ya fito a gefensu, ƙato kamar doya.

"Yatsanka ya rufe sunana," in ji wani.

"Hatimin cibiya ne. Duk takardar da ba ta da shi jabu ce."

Da ya zo haɗa su wuri guda, sai ya rasa manhajar da zai yi amfani da ita. Abin da ya iya a duniya shi ne wata manhajar buga katin biki, wadda yake yi wa masu aure katin gayyata da ita. Ya ce ai takarda takarda ce. Kwana kaɗan Polycarp ya zo ganin takardar shagonsa. Haruna ya danna, sai ga kiɗan ganga ya tashi, furanni suna zubowa daga sama, wasu fararen tattabaru biyu suna shawagi a kan lambar shago.

Polycarp ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Haruna, shagona aure zai yi?"

"Ado ne, Oga."

"Tattabarar nan ta zauna a kan sa hannuna."

"Ka jira, za ta tashi."

Suka tsaya suna jira. Ta tashi, ɗayar ta zo ta zauna.

Na Ba Goni ya fi wuya. Takardun mahaifinsa ne na ajami, tawada ta koɗe, ruwa ya lashe gefe. Haruna ya ce wannan ba ta hoto ba ce, sai an sake bugawa. Ya samo wani babban almajiri ya karanta masa, shi kuma ya nemo wasu harufa na musamman daga intanet, masu jela da tozo kamar dawisu yana taƙama, ya sauke su a kwamfutarsa. Da ya nuna wa Ba Goni, dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Rubutun ya yi kyau." Ranar Haruna bai taka ƙasa ba. Ya saya mini shayi da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara.

Madam Gertrude ta leƙo. "Harufan nan ka cusa su cikin fayil ɗin, ko a kwamfutarka kawai suke zaune?"

"Madam, kina ganinsu da idonki."

"Ina ganinsu a gidansu. In fayil ya yi tafiya za su bi shi?"

"Ina za shi? Hajji?"

Hotunan dattawa kuwa ya tara su a wayarsa, ya raɗa musu suna yadda yake raɗa wa kowane hoto a rayuwarsa: hoto ɗaya, hoto biyu, hoto uku. Manhajar ba ta haɗiye hoto, leƙawa kawai take yi inda aka nuna mata ta ɗauko. Wannan daga baya muka fahimta. Shi dai da ya ga hotuna sun fito a kan allo sai ya ce shi ke nan, sun shige.

Da ya gama sai ya sa wa fayil ɗin kalmar sirri. Bai tsaya nan ba. Ya ce kowane fayil a duniya yana da 'yar jela a ƙarshen sunansa da ke nuna danginsa, to shi nasa ba zai ɗauki jelar wani bature ba. Ya goge ta, ya rubuta sunansa a wurin.

"Daga yau akwai fayil ɗan gidan Haruna," in ji shi. "A rubuta a tarihi."

"A wane fayil za a rubuta?" in ji Madam daga shagonta.

Ana saura 'yan kwanaki taro ya shigo shagona yana sosa ƙeya. "Mutumina, ka ara mini babbar riga. Hoto zan je ɗauka, kuma ranar taro ma ina so in fito kamar mutum."

Na duba rataye. Akwai wata shadda ruwan sararin samaniya, mai aiki har ciki, da aka kawo mini gyaran aljihu. Tana da 'yar ƙuna a hannun hagu, inda tartsatsin turare ya taɓa. Rigar Ba Goni ce. Shaiɗan ya raɗa mini wata magana a kunne, ni kuma ban iya yi wa baƙo rowa ba.

"Ta wace ce?" in ji Haruna.

"Ta wani bawan Allah. Ba zai damu ba."

Ya karɓi hula zanna-bukar a wurin mai huluna da sunan zai gwada, ya ari takalmin Polycarp na zuwa coci, ya nufi shagon hoto. Da ya dawo sai ya ja ni bayan shago ya nuna mini. Mai hoton gwani ne, Allah ya isa. Ya zaunar da Haruna a gaban jirgin sama, ya tsayar da shi a kan wani dogon bene, ya ɗora shi a kujerar zinariya. A na ƙarshe kuwa ga amarya a gefensa cikin jar lafaya.

"Wannan ai Hajara ce! Yaushe kuka je?"

"Shiiit! Kanta ne kawai. Na ciro daga katinta na ƙungiya da ta kawo ajiya."

Yana ƙoƙarin adana hotunan sai waya ta ce ta cika. Haruna ya yi tsaki, ya shiga wurin hotunan dattawa ya share su tas.

"Kai! Dattawan fa?"

"Ai sun riga sun shiga fayil. Wa yake ajiye tsani bayan ya hau?"

Ya zuba sababbin a wurin, ya raɗa musu suna kamar kullum: hoto ɗaya, hoto biyu, hoto uku.

Ranar taro aka share fili ƙarƙashin rumfar kwano ta tsakiyar layi, inda duhu-duhu yake ko da rana. Aka shimfiɗa tabarmi, aka rataya farin yadi a bango, Polycarp ya kawo majigi da janareto. Mata suka zauna gefe guda, Hajara a gaba tana fifita da gefen lafaya. Har 'yan layin hatsi suka zo, don labari ya kai musu cewa za a ga shekara dubu da ido.

Haruna ya iso yana buɗa hannuwan riga kamar shirwa, takalmin Polycarp na cizonsa a dunduniya. Ya durƙusa ya gaida Ba Goni. "Wushe, Baba." Dattijon ya amsa, ya ɗan kalli rigar, ya ce, "Ma sha Allah, ɗanɗanonmu ɗaya." Ni kuwa na koma bayan wani buhun atamfa na zauna.

Kafin a fara sai Haruna ya nuna tarin takardun mutane da ke cikin wata babbar jaka, ya zaro ashana daga aljihu. "Jama'a, don ku san na yarda da aikina, yanzu zan cinna wa waɗannan wuta. Zamanin takarda ya wuce!"

Madam Gertrude ta tashi ta je ta zauna daram a kan jakar. "Cinna," in ji ta.

"A kasuwar nan kake maganar wuta?" in ji Ba Goni. "Mayar da ashanarka. Nuna mana tukuna."

Aka zo haɗa majigi da kwamfutar Haruna, sai bakin waya ya ƙi shiga. Aka juya ta sama, aka juya ta ƙasa, Haruna ya hura ramin, ya tofa bismilla. Polycarp ya ce ramin kwamfutar irin na da ne, an daina yin sa tun Amarachukwu 'yarsa tana rarrafe, ga shi har ta yi aure. Garin tura wayar, robar murfi ta tsinke, ta harbi wani ɗan layin hatsi a kunne, kwamfuta ta kife a kan gwangwaninta.

"Ba komai," in ji Haruna, gumi na bin gemunsa. "A kawo wata. Fayil nawa ko a kan dutse aka ɗora shi zai buɗe."

Aka kwafe fayil a filashi aka sa a kwamfutar Polycarp. Haruna ya danna. Wani ɗan akwati ya fito a bango da Turanci.

"Me ta ce?" in ji Ba Goni.

"Gaisuwa ce, Baba."

"Ta ce ba ta san wannan irin fayil ba," in ji Madam daga kan jaka. "Tana tambaya ɗan gidan wa ne."

"Jahilar kwamfuta! Duk kasuwar nan wa bai san Haruna ba?"

"Ita baƙuwa ce, daga Legas aka kawo ta," in ji Polycarp.

Sai da Madam ta sa aka miƙo mata kwamfutar har inda take zaune, ta goge sunan Haruna daga jelar fayil ta mayar da ta asali. Aka yi sa'a Polycarp yana da manhajar katin biki, tun ta auren Amarachukwu. Fayil ya motsa, sai ya nemi kalmar sirri.

Haruna ya buga. Ta ƙi. Ya sake bugawa. Ta ƙi. Ya share gumi da hannun rigar Ba Goni.

"Shekara dubu ta yi saurin cika," wani ya faɗa daga baya.

"Danna ɗan idon nan ka ga abin da kake rubutawa," in ji Polycarp. "Wataƙila yatsanka ne yake haɗa biyu."

Haruna ya danna ɗan ido ya sake bugawa, ya manta duk abin da ke kwamfuta yana bango. Jama'a suka bi shi harafi bayan harafi, da ƙarfi, kamar 'yan aji ɗaya: "Ha… ja… ra… ta… wa… in… Allah… ya… so."

Rumfa ta ɗauka. Mata suka rangaɗa guɗa. Hajara ta ja lafaya ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ba Goni ya yi gyaran murya ya ce, "Allah bai so ba tukuna. Ci gaba."

A wannan karon fayil ya buɗe da kiɗan ganga, tattabaru suka fito, yara suka fara rawa. Haruna ya samu ƙarfin gwiwa. "Yanzu ga takardun mahaifin Baba, da na raya su da hannuna!"

Ya danna. Bango ya cika da ƙananan akwatuna, layi bayan layi, kowanne fanko, kamar an jera bulo za a yi gini. Harufa masu jelar dawisu sun zauna abinsu a kwamfutar da ta kife.

Ba Goni ya matso da fuska. "Ina wasiyyar mahaifina?"

"Tana ciki, Baba. Kowace kalma na sa ta a akwatinta don kada ruwa ya taɓa ta."

"To buɗe akwati ɗaya mu gani."

"Sai… sai bayan shekara dubu suke buɗewa."

"Na faɗa maka harufan ba za su bi shi ba!" in ji Madam. "Ɗan aro ne, ya bar kayan mutane a gida!"

"A wuce wurin hotuna," in ji Haruna da sauri. "Hoto ba ya ƙarya."

Shafin hotuna ya fito babu hoto ko ɗaya, sai sunaye a ƙasa da ramuka a sama. Polycarp ya ce manhajar na neman inda hotunan suke. Haruna ya yi ajiyar zuciya. "Wannan mai sauƙi ne, suna wayata." Ya jona waya, ya nuna mata wurin, ya juya wa bango baya ya fuskanci jama'a, ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, ku miƙe tsaye don girmamawa. Ga marigayi Alhaji Bukar, wanda ya kafa layin nan!"

Mutane suka miƙe. A bango, a saman sunan marigayi, ga Haruna a gaban jirgin sama, ya ɗaga yatsu biyu, baki har kunne.

Sai wata tsohuwa ta ce, "Allah ya ji ƙansa, ashe da Haruna yake kama."

Dariyar da aka yi sai da kwanon rumfa ya amsa. Haruna bai juya ba, ya ɗauka murna ce. Ya danna na gaba. "Ga marigayi liman na farko!" Haruna a kan bene, yana riƙe da waya biyu. "Ga marigayiya Ya Aisa, uwar 'yan lafaya!" Haruna a kujerar zinariya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, takalmin coci na ƙyalli.

"Takalmina ne wannan!" in ji Polycarp. "Ka ce mini ta'aziyya za ka!"

A nan ne Haruna ya waiga. Ya daka tsalle zai rufe, hannun riga ya share madannai, hoto na ƙarshe ya faɗo bango, ƙato, ya cika yadin. Ga ango, ga amarya cikin jar lafaya. Fuskar amaryar ta katin ƙungiya ce, a murtuke kamar an tare ta a shingen bincike, kuma rabin hatimin ƙungiya na nan shuɗi a kumatunta. Tattabaru suka zo suka zauna musu a ka.

Hajara ta sauke lafaya daga fuska ta miƙe. "Malam Haruna, yaushe aka ɗaura? Ko goro ban gani ba."

"Gwaji ne, Hajara, wallahi gwaji ne…"

"Kuma duk hotunana na duniya sai wanda nake da zazzaɓi ka zaɓa? Wuyan nan ma ba nawa ba ne. Wuyan wace ce?"

"Na… na shagon hoto ne."

"Amaryar ma rabinta aro ce," in ji Madam, tana share hawaye.

Ba Goni ya tashi a hankali ya je gaban bango. Majigi ya faɗaɗa komai, har 'yar ƙunar da ke hannun hagu na rigar ango ta zama kamar faifai. Dattijon ya kalli ƙunar bango. Ya juyo ya kama hannun hagu na rigar da ke jikin Haruna, ya zura ɗan yatsa a ramin. Sannan ya ɗaga murya.

"Tela!"

Na leƙo daga bayan buhu. "Na'am, Baba."

"Ba ka ce mini rigata tana wurin mai bugu ba?"

"Ai ga shi ana bugun ta, Baba. Tun ɗazu yake dukan ƙirji a cikinta."

Ranar na ga haƙoran Ba Goni. Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya dafa kafaɗar Polycarp don kada ya faɗi. Da ya samu numfashi ya ce, "Madam, takardu suna hannunki. A yi mana irin matafiyin nan naki mai tabarma. Kai kuma, Haruna, ba ni rigata."

"A nan, Baba?"

"A nan ka sa ta a bango."

Haruna ya tuɓe riga. Mai huluna ya matso ya ɗauke hularsa, ya ce gwaji ya isa haka. Polycarp ya durƙusa ya zare takalmansa ɗaya bayan ɗaya. Aka bar mai Cibiyar Ajiyar Shekara Dubu tsaye a tsakiyar fili, daga shi sai singileti mai huji da wando iya gwiwa, ga kwalin ashana a hannu, ga angon bango a bayansa yana ta murmushi.

"Ashanar ma tawa ce," in ji mai shayi, ya karɓe.

Hajara ta gyara lafayarta, ta zo wucewa ta gabansa, ƙanshin humra na bin ta. Ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam Haruna, duk ranar da ka samu tabarmarka da butarka, ka zo wajen Baba. Amma ka fara mayar wa baiwar Allah wuyanta."